Inda Ƙugiya Take Ɓacewa: Tsakanin Yatsan Marubuci da Tagar Manhaja

Gabatarwa

Duk malamin da ya saba duba aikin ɗalibai da aka buga da kwamfuta ya san hukuncin da ake yankewa idan aka ga "kasa" a gurbin "ƙasa", ko "fada" a gurbin "faɗa". Akan ja jan layi, a rubuta a gefe cewa ɗalibi bai kiyaye ƙa'idojin rubutu ba. Sau da yawa hukuncin daidai ne, domin akwai ɗaliban da ganda ke hana su neman ƙugiya. Sai dai Bahaushe ya ce idan ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Akwai wani kaso na wannan laifi da yake kwance a cikin manhajar da ɗalibin ya yi rubutu da ita, a wani ɗan lungu da masu tsara manhaja suke kira babban zagaye, wato wurin da manhaja take karɓar duk abin da mutum ya danna ta yanke abin da za ta yi da shi.

Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, manhajar da ba ta bambanta maɓallin da aka danna da harafin da aka yi nufi ba, ba ta cancanci a koyar da Hausa da ita ba, kuma ya kamata ɗalibin Hausa ya san yadda wannan zagaye yake aiki gwargwadon da zai iya nuna inda ƙugiyarsa ta faɗi. Zan gina hujjata a kan halin da ɗaliban Hausa suke ciki a arewacin Gana, musamman Karaga da Yendi da Salaga da Bawku, domin a can ne asarar ta fi tsanani.

Dalilin zaɓen arewacin Gana

Hausa ta daɗe a wannan yanki. Fataucin goro ne ya kawo Hausawa ƙasar Gwanja, ayari yana tasowa daga Kano da Katsina ya ratsa ta Yendi ya sauka Salaga, kuma a kan wannan hanya aka kafa zangunan da har yau ake magana da Hausa a cikinsu. Rubutu ma ya biyo ayari. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano wajajen 1858, ya zauna a Salaga, bayan yaƙin basasar 1892 ya koma Kete-Krachi inda ya rasu a 1934, ya bar rubuce-rubuce masu yawa da Larabci da Hausar ajami. A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon ta tattara ɗimbin irin waɗannan takardu daga hannun malaman ƙasar.

Da yake tarihi ya nuna haka, sai mutum ya zaci Hausa tana da kujera a makarantun Gana. Ba ta cikin jerin harsunan da gwamnati ta ɗauki nauyin koyar da su, jerin da ya ƙunshi Dagbani da Gonja da Dagaare da Kasem daga arewa, ko da yake gidan rediyon ƙasar ya daɗe yana watsa shirye-shirye da ita. Yaron da ya tashi a Karaga, garin da mafi yawan mazaunansa Dagwamba ne, yana jin Hausa a zango da kasuwa da wajen wa'azi. Idan ya so ya koyi rubuta ta da boko, babu ajin firamare da zai koya masa. Malaminsa shi ne fuskar waya da ta kwamfuta: labaran BBC Hausa, saƙonnin WhatsApp, da shafukan nazari irin wannan.

Akwai abu na biyu. Masana harshe sun lura cewa da yawa daga masu magana da Hausa a matsayin harshe na biyu a Gana ba sa bambanta furucin ƙ da k, ko ɗ da d, ko ɓ da b. Ɗan Kano idan ya ga "baki" ba ƙugiya, kunnensa zai gaya masa ko bakin magana ake nufi ko baƙin launi. Ɗalibin Karaga ko Bawku da bai tashi da wannan bambanci a kunne ba, ido kaɗai gare shi. Idan manhaja ta haɗiye ƙugiyar, ta raba shi da hanya ɗaya tilo da zai san cewa "doki" da "ɗoki" kalmomi biyu ne, "bata" da "ɓata" ma haka.

Yadda manhaja mai taga take saurare

Tsoffin manhajoji su suke jan ragama: su yi tambaya, mutum ya ba da amsa, su wuce tambaya ta gaba. Da aka fara kwamfuta mai tagogi da linzami, daga na'urar Alto ta kamfanin Xerox a 1973 zuwa Macintosh a 1984 da Windows a 1985, sai ragama ta koma hannun mutum. Manhaja ba ta san abin da zai yi nan gaba ba. Yana iya danna harafi, ko ya ja gefen taga, ko ya motsa linzami, ko ya rufe komai. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ana kiransa aukuwa. Babbar manhajar da ke gudanar da kwamfuta ita take tattara aukuwoyin, ta jera su a layi bisa lokacin faruwarsu, kowace taga da nata rabon.

Aikin manhaja shi ne ta zauna a bakin wannan layi kamar magatakarda a zaure: ta ɗauki saƙo ɗaya, ta duba irinsa, ta miƙa shi ga sashen da ya dace, ta dawo ta ɗauki na gaba. Wannan maimaici shi ne babban zagaye, kuma ba ya tsayawa sai saƙon rufewa ya iso. A Windows umarni uku ne ginshiƙinsa. GetMessage yana ɗauko saƙo, TranslateMessage yana fassara dannin maɓalli zuwa harafi, DispatchMessage yana aika saƙon ga tagar da ta mallake shi. A tsarin X11, wanda aka fitar a 1987 kuma Linux ta daɗe tana tafiya a kansa, XNextEvent ne mai ɗaukowa. Masu tsara wasanni da ɗakin karatu na SDL suna amfani da SDL_PollEvent.

Zagaye iri biyu ne. Akwai mai jira, wanda idan layi ya ƙare sai ya yi barci har sabon saƙo ya tashe shi, kuma shi ya dace da manhajar rubutu ko ƙamus, domin ba ya cin batir a banza. Akwai mai leƙe, wanda yake duba layi ya wuce ko da babu kome, domin dole ya sake zana hoto, galibi sau 60 a daƙiƙa ɗaya. Wasanni da manhajojin koyarwa masu motsi da shi suke aiki. Ko wanne iri ne, doka ɗaya ce: kada a daɗe ba a dawo bakin layi ba. Idan manhaja ta yi kimanin daƙiƙa 5 ba ta karɓi saƙo ba, Windows za ta sanar cewa tagar ba ta amsawa, Android ma tana da irin wannan iyaka ga taɓin da ba a kula shi ba.

Maɓalli daban, harafi daban

A nan ne harshenmu yake shiga magana. Idan ka danna maɓallin da aka zana K a kansa, abin da ke fita daga allon madannai lamba ce da ke nuna gurbin maɓallin. A ƙa'idar USB lambar wannan gurbi 14 ce. Allon bai san Hausa ba, bai san Turanci ba. Babbar manhaja ce take ɗaukar lambar, ta duba shimfiɗar madannai da mutum ya zaɓa, ta duba ko ya riƙe wani maɓalli tare, sannan ta yanke cewa k ne, ko K, ko ƙ, ko kaf na Larabci.

Saboda haka danni ɗaya yana haifar da saƙo iri biyu. Na farko yana cewa an danna maɓalli kaza, na biyu yana cewa an rubuta harafi kaza. Windows tana kiran na farko WM_KEYDOWN, na biyu WM_CHAR. SDL, tun daga fitowarta ta biyu a 2013, ta ware SDL_KEYDOWN da SDL_TEXTINPUT. Saƙon maɓalli an yi shi ne domin umarni, kamar kibiyar hagu da dama ko tsalle a wasa. Saƙon harafi shi ne na rubutu.

Ga mai rubuta Turanci kaɗai, bambancin ba ya fitowa fili, domin kusan kowane maɓalli harafi ɗaya yake bayarwa. Wannan ne ya sa mai koyon tsara manhaja yakan yanke hanya: ya saurari saƙon maɓalli, ya kafa ɗan jadawali da ke cewa wannan maɓalli a ne, wancan b ne, ya ga kome yana tafiya daidai, ya saki manhajarsa. Jadawalinsa baƙaƙe da wasula 26 ya sani. Ɗalibi zai girka shimfiɗar Hausa, ya danna abin da ya kamata, babbar manhaja ta samar da ƙ ta saka a layi, amma zagayen ya tsallake saƙon ya rubuta k daga jadawalinsa. Ɗalibin ya yi nasa, an ja masa jan layi a kan laifin wani.

Wannan yanke hanya ba Hausa kaɗai yake cutarwa ba. Bawku tana dab da iyakar Burkina Faso da Togo, ƙasashen da ake amfani da shimfiɗar Faransa, inda maɓallin da yake ba da q a allon Ingilishi yake ba da a. Manhajar da ta ɗaure harafi ga gurbin maɓalli za ta rikita wa mai irin wannan allo har wasalin a. Dagbani kuwa, harshen Karaga da Yendi, yana da ɛ da ɔ da ŋ da ɣ da ʒ, Kusaal na Bawku ma yana da nasa. Ƙofar da ta hana ƙ shiga ita ce take hana ŋ.

Ramuka uku da suka rage

A ce mai manhaja ya saurari saƙon harafi. Da sauran rina a kaba, domin akwai ramuka uku a gaba.

Na farko shi ne gajerun umarni. Shimfiɗu da yawa suna ɗora haruffa na musamman a kan maɓallin Alt na dama, wanda ake kira AltGr. Windows tana ba da rahoton wannan maɓalli tamkar an riƙe Ctrl da Alt tare. Idan zagayen manhaja yana cafke duk dannin da ya zo da Ctrl a matsayin umarni, to zai cafke harafin tun bai kai ga shafi ba. An ga haka a fili a 2015, lokacin da Marcin Wichary, ma'aikacin dandalin rubutu na Medium, ya bayyana dalilin da ya sa mutanen Foland suka kasa rubuta harafinsu ś a dandalin. An toshe Ctrl da S ne domin kada burauza ta buɗe tagar adanawa, sai toshewar ta haɗa da AltGr da S. Maganin bai wuce ƙara ɗan sharaɗi ba, cewa a duba ko Alt ma yana danne. Abin da ya sami ś zai iya samun ƙ da ɗ da ɓ a duk shimfiɗar da ta ɗora su a kan AltGr. Bambancin shi ne mutanen Foland sun kai ƙara har aka gyara.

Rami na biyu shi ne girman mazubi. Tsohon tsarin ASCII alamomi 128 gare shi, tsarin Latin-1 na Yammacin Turai kuma 256, kowace alama tana shiga mazubi ɗaya da ake kira bayit. Baƙaƙenmu masu ƙugiya suna cikin Unicode tun farkon shekarun 1990, amma lambobinsu duk sun haura 255: ƙ 409 ce, ɓ 595, ɗ 599, ƴ ta Nijar 436. Idan mai manhaja ya zuba harafin da ya karɓa a mazubin bayit ɗaya, saman lambar yana zubewa. A cire 512 daga 599, saura 87, wadda ita ce lambar W, sai "ɗa" ya koma "Wa". A cire 512 daga 595, saura 83, lambar S ke nan, sai "ɓera" ya zama "Sera". Idan kuwa an adana rubutun da UTF-8 aka buɗe shi da tsohon tsarin Windows na Yammacin Turai, ƙ takan fito a matsayin Æ™, wanda duk mai yawan karanta Hausa a intanet ya taɓa cin karo da shi. A X11 ma akwai irin wannan tarko: tsohon umarnin XLookupString a Latin-1 ya tsaya, sai an koma ga Xutf8LookupString ake samun cikakken harafi. Har manyan baƙaƙe suna da nasu tarkon. A ASCII tazarar ƙaramin harafi da babba 32 ce a ko'ina, amma ɗ 599 ce, Ɗ kuma 394, don haka dabarar rage 32 ba za ta taɓa ba ka Ɗanladi daidai ba.

Rami na uku ya fi shafar ku ɗaliban nazarin harshe. Idan kuna rubuta darasin karin sauti da tsawon wasali, kamar yadda ƙamus ɗin Paul Newman na 2007 yake nuna su, za ku buƙaci wasali mai ɗauke da alamar tsawo da ta karin sauti a lokaci guda. Irin wannan wasali sau da yawa ba shi da lamba guda a Unicode, haɗa shi ake yi daga lamba biyu ko uku. Wasu shimfiɗun kuma suna da maɓallin da idan an danna shi ba ya fitar da kome sai an bi shi da wasali. Dole zagayen ya haƙura, ya bar mai shirya rubutu na babbar manhaja ya fara ganin dannin. A X11 umarnin XFilterEvent ne yake wannan aiki, kuma wajibi ne a kira shi kafin a taɓa saƙon. Manhajar da ta yi azarɓaɓi za ta fitar da alama gefe, wasali gefe. Haka nan maɓallin gogewa da kibiyoyi: idan manhaja tana ƙirga bayit maimakon harafi, gogewa ɗaya za ta cire rabin ƙ ta bar guntun da ba shi da ma'ana. Alhamzar 'ya'ya da 'yanci ma tana shan wahala, domin manhajojin rubutu sukan ɗauke ta a matsayin alamar zance su juya mata fuska, ko su ƙi ƙirga ta cikin kalma a lokacin bincike.

Ajami ma yana kan layi

Ga wanda yake son ya buga takardun Salaga da Yendi da haruffansu na asali, maganar ta fi nauyi. Ajami daga dama yake tafiya zuwa hagu, harafi yana sauya siffa bisa matsayinsa a kalma, wasulla kuma suna hawa bisa baƙi ko ƙarƙashinsa. Unicode ta tanadi da yawa daga abin da ake buƙata. Akwai ɗigon ƙasa na wasalin e, akwai ɗa mai ɗigo uku a sama da aka yi amfani da shi wajen rubuta ts, kuma a 2016 aka ƙara fa da ƙaf da nun irin na rubutun Warshu da aka saba da shi a Afirka ta Yamma. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da zai isa shafi ta hanyar jadawalin maɓalli. Sai manhaja ta karɓi saƙon harafi yadda ya zo, ta kuma san cewa a layin da ya haɗa boko da ajami kibiyar hagu ba kullum take nufin baya ba. Alƙalamin kara bai taɓa hana Alhaji Umaru ɗiga ɗigon da yake so ba. Abin kunya ne a ce jikokin almajiransa suna riƙe da na'urar da ta fi alƙalami komai amma ta hana su.

Abin da masu saɓani za su ce

Hujja ta farko da ake kawowa ita ce mai karatu yana ganewa daga mahallin zance. Wannan gaskiya ce ga wanda ya riga ya iya harshen. Ga mai koyo kuwa, mahalli ba ya koyar da abin da ba a taɓa nuna masa ba. Ban da haka, na'ura ba ta da mahalli irin na mutum. Wanda ya nemi "ƙasa" a ƙamus ko rumbun matani ba zai sami shafukan da aka rubuta "kasa" ba, kuma duk wani aikin fassarar na'ura ko gyaran rubutu da za a gina nan gaba, a kan matanin da muke tarawa yau za a gina shi.

Hujja ta biyu ita ce waya ta riga ta warware matsalar, tun da a allon Gboard na Hausa ana iya samun baƙaƙe masu ƙugiya ba tare da wahala ba. An sami ci gaba, babu musu. Amma wayar ita ce ta fi tona asirin manhajar da ta dogara ga saƙon maɓalli, domin allon waya ba shi da maɓallai na zahiri. A burauzar Chrome ta Android, shafin da yake sauraren lambar maɓalli sau da yawa 229 yake samu ko wane harafi aka taɓa, lambar da ma'anarta ita ce ana kan shirya rubutu. Shafin jarrabawa ko wasan kalmomi da aka gina a kan lambar maɓalli zai kurumce a wayar, alhali waya ce kwamfutar mafi yawan ɗalibai a Karaga.

Hujja ta uku ita ce gyaran yana da tsada, masu buƙatarsa kuma ba su da yawa. Kashi na biyu na wannan magana ba ya tsayuwa, domin Hausa tana cikin manyan harsunan Afirka, masu magana da ita miliyoyi ne masu yawa. Kashi na farko ma haka. An riga an yi aikin mai wuya. Windows tana zuwa da shimfiɗar Hausa. Linux tana da ta Hausar Nijeriya, tana kuma da ta Hausar Gana daban. Manhajar Keyman ta ƙungiyar SIL kyauta ce, kowa yana iya tsara shimfiɗarsa da ita. Abin da ya rage wa mai manhaja shi ne ya saurari saƙon da ya dace ya zuba shi a mazubin da ya isa, kuma wannan aikin layuka kaɗan ne idan tun farko aka yi shi.

Hujja ta huɗu ta fi sauran nauyi. Wani zai ce, tun da Hausar Gana da yawa ba ta furta ƙ, tilasta ƙugiya ɗora wa mutane karin Kano ne. Ina girmama wannan magana, domin Hausar zango Hausa ce mai tarihinta, ta kuma cancanci a nazarce ta yadda take. Sai dai hujjar tana goyon bayan abin da nake faɗa. Wanda yake son ya rubuta karin Salaga kamar yadda ake furta shi, zaɓinsa ne ya bar ƙugiya. Wanda yake son ya rubuta daidaitacciyar Hausa domin jarrabawa ko jarida ko littafi, zaɓinsa ne ya sa ta. Mai nazarin da zai kwatanta kare-karen biyu yana buƙatar k da ƙ su tsaya daban a shafinsa, in ba haka ba babu abin da zai kwatanta. Manhajar da ta goge bambancin ta ƙwace zaɓin daga hannun su ukun.

Abin da ya rage gare ku

Ban ce kowane ɗalibin Hausa ya zama mai tsara manhaja ba. Abin da nake nema shi ne ku iya gwaji. Kafin ku amince da wata manhaja domin kundin digiri ko ƙamus ko darasi, ku rubuta jimla irin wannan a cikinta: "Ɓarawo ya ɗauke ƙwaryar 'yar baƙuwa." Ku duba ko kowace ƙugiya ta fito. Ku goge baya harafi-harafi ku ga ko ƙ tana tafiya da danni ɗaya. Ku mai da jimlar manyan baƙaƙe ku ga ko Ɗ da Ƙ sun bayyana. Ku nemi "baƙuwa" da akwatin bincike. Ku adana, ku rufe, ku sake buɗewa a wata na'ura. Sannan ku gwada wasali mai alamar sauti da tsawo, da layi ɗaya na ajami.

Yadda manhajar ta faɗi zai nuna muku ramin. Idan k ta fito a gurbin ƙ alhali shimfiɗarku tana aiki a wasu wurare, ana sauraren maɓalli ne maimakon harafi. Idan babu abin da ya fito, ko wata taga ta buɗe, gajeren umarni ne ya cafke dannin. Idan W ko S ko alamar tambaya ta fito, mazubi ne ya yi ƙanƙanta. Idan Æ™ ta bayyana bayan adanawa, tsarin adanawa da na buɗewa ne suka saɓa. Da wannan sani za ku iya rubuta wa masu manhajar ƙorafin da za su iya aiki da shi. Wanda ya ce "manhajarku ba ta son Hausa" ba lalle a saurare shi ba. Wanda ya ce "harafi mai lamba 409 yana ɓacewa idan an shigar da shi ta AltGr" ya riga ya nuna wa mai gyara layin da zai duba.

Ga 'yan'uwana malamai kuma, kafin mu ja jan layi, mu tambayi ɗalibi da me ya buga aikin. Ga matasanmu da suke koyon tsara manhaja a Tamale da Kumasi da Kano da Yamai, ku sa ƙ da ɗ da ŋ cikin gwajin farko na kowane akwatin rubutu da kuka gina, tun kafin ku zaɓi launin taga.

Kammalawa

An yi shekaru ana kai-kawo kafin baƙaƙe masu ƙugiya su zauna a rubutun boko a shekarun 1930, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a Zariya a 1939 ta taimaka wajen sabar da idon masu karatu da su. Waɗanda suka yi wannan aiki da ɗab'in dalma suka yi fama, inda kowane sabon harafi sai an ƙera shi. Mu kuwa an riga an ba kowane harafinmu lambarsa, an kuma tanadi hanyar da zai bi daga yatsa zuwa shafi. Abin da ya rage shi ne wanda yake zaune a bakin layi ya karɓi saƙon yadda aka aiko shi. Ɗalibin Karaga da yake koyon Hausa da ido yana da haƙƙin ya ga "ƙasa" da ƙugiyarta, kuma nauyin neman wannan haƙƙi yana kan waɗanda suka san inda take ɓacewa, wato ni da ku.